Ɗaurin Turke a Motar Mushe Abarshi

Duk wanda ya taɓa zama a bencin Ɗan Talata mai shayi a garin Gure ya san Burahima ya yi shekara huɗu a Libiya, domin ba ya bari kofi ya huce bai faɗa ba. A cewarsa, can ya ƙware a aikin mota, har Larabawa na layi tun da asuba don ya saurari injinsu. Waɗanda suka je tare da shi kuwa cewa suka yi raƙuman wani attajiri ya kiwata a bayan gari, kuma motar da ya fi sani ita ce wadda ta kai shi ta dawo da shi. Takardar tuƙi dai yana da ita, ya same ta a Damagaram a karo na uku, sai dai tun daga ranar ba a sami mai ƙarar kwanan da ya ba shi mota ba.

Abin da Burahima ya iya da gaske tufkar igiya ne. Bafillace ne ɗan makiyaya daga wajen Gidigir, in ya tufka maka igiyar kaba sai ka gaji da ita ka bayar. Amma kada ka kuskura ka yabe shi da wannan, yanzu zai haɗe rai kamar ka zage shi. Shi makanike ne, kuma ya fi son a ce masa Shef, wato oga da Faransanci.

Surukinsa Mushe Abarshi (Mushe ake kiran malamin boko a nan) tsohon shugaban makaranta ne, rabin mutanen garin sun sha bulalarsa. Yana da wata tsohuwar Fijo 504 shuɗiya da ya saya tun ƴarsa Aminatu, matar Burahima, tana goye. Kowace Juma'a da safe da kansa yake wanke ta. A cikinta ya koya wa Aminatu tuƙi tana ƴar shekara sha shida, kafin ta zama ungozoma a gidan likita. Yanzu yanar ido ta rufe ganin tsohon, motar kuma ta yi shekara biyu a ajiye, saboda tiyon roba da ke kai man birki, wato furen, zuwa ƙafafun gaba sun tsattsage.

Ana nan sai abu biyu suka zo a mako guda. Huda, ƙanwar Aminatu da ke aiki a Faransa, ta aiko da sababbin tiyo biyu, masu rigar waya saƙaƙƙiya, suna ta ƙyalli. Daga Kelle kuma aka aiko cewa matar Sufiyanu, ɗan Mushe, ta haifi namiji. Tsohon ya tara ƴan gida a zaure ya ce shi da ragon suna a motar nan za su je, ba a wata ba. Ya ƙara da cewa tunda idonsa ya gaza, duk wanda ya tayar da ita ya kai shi Kelle, makullin nasa ne. Kowa ya san Fannami yake nufi, Babarbaren makaniken da ya shekara talatin yana duba ta. Kowa ban da Burahima, wanda tun a zauren ya fara ganin kansa yana wucewa ta gaban bencin Ɗan Talata, gwiwar hannu a waje.

Ya miƙe ya ce, "Baba, ba sai an kira na waje ba, da makanike cikin gida."

Mushe mutum ne mai tsananin kunyar suruki. Shekara tara da auren nan bai taɓa duban Burahima ya yi masa magana kai tsaye ba. Ya juya wajen ƴarsa ya ce, "Aminatu, tambayi mijinki, ya taɓa sa irin wannan?"

"Na sa ya hi ɗari, Baba. A Libiya yara muke ba su sa."

Tsohon bai musa ba, don ƙaryata suruki a gaban jama'a ba halinsa ba ne. Burahima ya ɗauki hakan a matsayin izini, ya sa tiyon a aljihu.

A gida Aminatu ta ce, "Maigida, ka bar ma Fannami aikin nan. Furen ba abin wasa ba ne, ran Baba ne a ciki."

"Ke haihuwa kika sani. Na taɓa shiga ɗakinku na ce ga yadda za a yanke cibi?"

"A'a. Shi ya sa jariranmu ke da rai."

Ana gobe kasuwa, da hantsi, Burahima ya sa aka turo motar ƙofar gidan Mushe. A cikin gida akwai daɓen siminti da inuwa, amma a can babu mai ganinsa. Ya shimfiɗa tabarma, ya jera sifanu da ya aro kamar mai talla, ya sa jak a ƙasa ya fara ɗagawa. Ƙasar Gure kuwa rairayi ce. Motar ba ta ɗaga ba, jak ɗin ne ya yi ta nutsewa har ya ɓace. Ya tono shi, ya sake, ya sake nutsewa.

Ɗan Talata, wanda ya baro teburinsa ya zo kallo, ya ce, "Shef, rijiya ake gina mana ne? Unguwar nan dama muna da ƙishirwa."

"Gwajin ƙasa nike. Ba a ɗaga mota ba a san ƙasa ba."

Sai da wata tsohuwa mai tallan gyaɗa ta ba shi shawarar ya sa katako a ƙarƙashi sannan motar ta ɗaga. Ya ce dama katakon yake shirin nema.

Ya cire ƙafafun gaba, ya kwance tsofaffin tiyon ba tare da ya tara komai ba, man birki ya tsiyaye a ƙasa da hannunsa. Ya goge da tsumma, ya jefa tsumman a kan kafaɗar motar. Da ya ga wurin ya yi sheƙi, sai ya ƙara murza shi sosai, yana gaya wa masu kallo cewa haka ake goge motocin manya a Libiya. Ba a daɗe ba shuɗin fentin da Mushe ya shekara arba'in yana tattali ya fara kumbura yana ɓarewa. Burahima ya yi maza ya cire rigarsa ya rufe wurin, ya ce zafi yake ji.

A cikin ledar tiyon akwai wasu ƴan zobban tagulla ƙanana. Ya juya su a tafinsa, ya ce Turawa ba su gajiya da kwalliya, ya watsar. Ya ɗaura tiyo a jikin etiriye, wato muƙamuƙin ƙarfen nan da ke cafke faifan birki, ya zuba mai, ya taka. Mai ya yi tsartuwa ta bakin kusar ya same shi a gemu. Ya ƙara ɗaurewa, ya ƙara takawa, ya ƙara samun rabonsa. Aminatu da ta dawo daga aiki ta tsaya ta duba, ta durƙusa ta tsince zobban daga rairayi, ta wanke su, ta ajiye masa a kan tabarma. Ya sa su, yoyo ya tsaya. Ya dubi jama'a ya ce ya so ne su ga bambanci da idonsu.

Yanzu aka zo kan babban aikin. Tiyon sun fi tazarar da ke tsakanin jikin mota da etiriye tsawo, sun yi lanƙwasa suna reto. Haka aka yi su da gangan, domin ƙafar mota tana juyawa dama da hagu, tana hawa tana sauka, dole tiyo ya sami sararin bin ta. Burahima bai san wannan ba. Abin da ya sani shi ne wannan abu saƙaƙƙe ne, kuma duk abin da aka saƙa, shi ne malaminsa. Igiya ba ta yin ƙarfi sai an murɗa ta. Dabba kuma ba a ɗaure ta sako-sako, in igiya ta yi yawa sai a naɗe ragowar a jikin turke. Ya murɗa kowane tiyo sau uku har ya ji ya yi tauri, ya zagaya da ragowar a jikin sandar amotisa, mai tare girgizar mota, ya ja ya ɗaure tamau. Ya kaɗa shi da yatsa, ya yi ƙara kamar tsirkiyar gurmi. Daɗi ya kama shi, don a ranar wannan ne karo na farko da ya ji ya san abin da yake yi.

Daidai nan Fannami ya iso a kan babur. Ya sauka, ya leƙa ƙarƙashin motar, ya daɗe bai ɗago ba.

Tsakanin Fulani da Barebari akwai wasan taubasantaka tun kaka da kakanni, kuma mutanen nan biyu sun riƙe shi da hannu biyu. Shekara goma Fannami bai taɓa gaya wa Burahima magana ɗaya ta gaskiya ba. Ya taɓa aika shi tasha karɓar saƙon da babu shi. Ya taɓa ce masa an kira sunansa a rediyo. Saboda haka Burahima ya gyara tsayuwa, ya shirya.

Fannami ya ce, "Burahima, kwance wannan. In ka karya kan motar nan gaba ɗaya, tiyon zai tsinke."

"To, bawana ya hwara. Sai mi kuma?"

"Ba wasa nike ba. Ana barin shi sake ne. Kuma ba a murɗa shi, kuma ba ya taɓa komi. Juya bolan ɗin, sitiyarin nan, ka gani tun tana bisa jak."

"In juya ku yi dariya, ko? Irin na rediyo. Kai Babarbare ina ka san ɗauri? Ku da akuyarku ke kwana a sake."

Jama'a suka fashe da dariya, har da masu tafi. Fannami ya dubi Ɗan Talata ya ce, "Ka gaya mai da gaske nike."

Ɗan Talata ya ce, "Ni ban shiga tsakanin ubangida da bawa, don har yau ban gane wane ne wane ba."

Fannami ya rantse, Burahima ya ce ranar saƙon tasha ma ya rantse. Fannami ya ce to a bar shi ya ga Mushe, aka ce Mushe ya tafi gaisuwar rasuwa a Gamu sai yamma. Ya hango wata waya a yashe gefen tabarma, ya ɗaga ya ce, "Wannan fa? Ba wayar furen hannu ba ce?"

"Ta tare mini hanya na cire. Mai sabon tiyo mi zai yi da furen hannu?"

Fannami ya hau babur ɗinsa. Kafin ya tayar ya ce, "Gobe ina gareji. Ka san wurin." Burahima ya bi shi da kirari irin na wasa har ya sha kwana. Da yamma Fannami ya aiko wa Mushe saƙo, amma da yake Burahima ne a ƙofar gida, a hannunsa saƙon ya mutu.

Ɗan Talata ne ya zauna a kujerar direba yana taka birki, Burahima yana fitar da iska ta ƙasa, har feda ta yi tauri. Aka mayar da ƙafafu. Burahima ya shiga ya tayar, ya tafi miƙe har ƙarshen layi, ya taka, mota ta tsaya cak. Ya dawo da baya a miƙe, ya taka, ta sake tsayawa cak. Bai juya kanta ko sau ɗaya ba, don layin ƙunci ne, kuma shi da kwana ba su taɓa shiri ba. Ya fito yana karkaɗe hannu, ya ce a je a gaya wa Babarbare ya rufe garejinsa ya koma tallan kanwa. Wasu har suka fara cewa ashe dai mutumin ya je Libiyar.

Aminatu ta ce, "Ka juya bolan ɗin har ƙarshe? In Fannami ya sa tiyo, ni Baba ke sa wa in juya dama da hagu shi yana kallo daga ƙasa."

"Shi don bai yarda da aikinshi ba ne."

Washegari ranar kasuwa. Shirin shi ne a je kasuwar dabbobi a ɗauko ragon da Mushe ya riga ya zaɓa, da la'asar a kama hanyar Kelle, gobe da safe suna. Burahima ya sa farar shadda da baƙin tabarau. Mushe ya fito da sandarsa, ya shafa motar kamar yadda ya saba, hannunsa ya faɗa kan wurin da fenti ya ɓare. Ya tsaya, ya sake shafawa.

"Aminatu, mi ya sami nan?"

Burahima ya riga ta: "Rana ce, Baba. Ranar bana ba ta da kyau."

Tsohon ya haɗiye abin da ya zo masa, ya shiga gaba ya zauna. Aminatu ta ce za ta biyo su a ƙafa.

Hanyar ta yi wa Burahima kirki, kusan duk miƙaƙƙiya ce, kwane-kwanen da ke cikinta masu faɗi ne. A gaban bencin Ɗan Talata ya rage gudu, ya fitar da gwiwar hannu, ya danna oda sau uku. Nan ya kamata labarin ya ƙare in da duniya tana bin son ran Burahima.

Mashigar kasuwar dabbobi kwana ce mai tsini zuwa hagu, daga nan sai gangara. Burahima ya murɗa sitiyari har ƙarshe da hannu ɗaya, don a gani. Aka ji wani ɗan ƙara daga ƙasa, tas. Ya taka birki, feda ta tafi har ƙasa ba ta dawo ba. Ya sake takawa, babu kowa a gida.

Ba gudu motar take ba, kuma wannan ne ya fi muni, domin kowa ya sami lokacin kallo. Ta gangara a hankali da mutuncinta. Burahima ya finciko birkin hannu, sandar ta taso masa sakayau, sai a lokacin ya tuna da wayar da ke kan tabarma. Daga nan Libiya ta gudu ta bar shi, Gidigir ta dawo. Ya rungumi sitiyari ya ja shi zuwa ƙirjinsa kamar akalar raƙumi, yana yi wa motar irin tsawar da ake yi wa taguwa in ana so ta durƙusa.

Mushe yana kallon gaba, hannu biyu a kan sanda. A hankali ya ce, "Da Aminatu tana nan, da na ce ta ce ma mijinta ya kashe injin."

Burahima bai ji ba. Motar ta ture rumfar masu igiya, ta ɗauki zana a ka. Ta bi ta tsakiyar matan da ke sayar da nono, suka watse da ƙorensu, waɗanda ba su sami ɗauka ba aka yi musu dame a ƙasa. Wani dillali ya bi ta a ƙafa yana tafiya daidai da taga, yana tambayar Burahima ko ya san babu hanya a nan. Garken tumaki ya rabu biyu ya ba ta wuri. A ƙarshen gangarar an tara buhunan kanwa, a nan ta sa hanci ta tsaya. Fitilar hagu ta tarwatse, farin gari ya tashi ya lulluɓe gilashi, ya shigo ta tagar da aka buɗe don gwiwar hannu.

Ba wanda ya ji ciwo. Burahima ya fito fari fat, tabarau a karkace, ya tarar kasuwa gaba ɗaya ta kewaye shi. Ya share murya ya ce, "Kayan Turawan yanzu ba su da ƙwari."

Fannami, wanda ya rufe gareji tun safe ya zo ya zauna kusa da mashigar yana jira, ya ratso jama'a. Ya kwanta ya leƙa, ya zaro tiyon da ya tsinke daga bakinsa, har yanzu a murɗe, ya ɗaga sama. Ya ce, "Jama'a, wa ya taɓa ganin an ɗaure mota a turke?" Wani tsohon makiyayi ya karɓa ya duba da kyau, ya ce gaskiya ɗaurin ya yi, da saniya ce da ba inda za ta. Dariyar da aka yi har masu raƙuma na can ƙarshe sun taso tambaya.

Burahima ya matso kusa da Fannami ya rage murya. "Don mi ba ka ce da gaske kake ba?"

"Na ce. Har na rantse."

"To ai kullum kana rantsewa."

Matan nono suka taso masa da Fulatanci, yaren da ya shekara yana cewa ya manta a Libiya, kuma aka ga yana fahimtar kowace kalma. Ana cikin haka Aminatu ta iso. Ta duba ubanta tukuna, ta karkaɗe masa hula, sannan ta dubi mijinta sau ɗaya. Shanu biyu aka samo suka ja motar zuwa garejin Fannami, Burahima yana biye a ƙafa. Kafin la'asar Fannami ya sa tiyon roba irin na da, ya bar musu lanƙwasarsu, ya mayar da wayar birkin hannu. Ya sa Aminatu ta juya sitiyari dama da hagu har ƙarshe yana kallo daga ƙasa, sannan ya fito ya miƙa wa Mushe makulli.

Burahima bai fid da rai ba. Ya matso ya ce, "Baba, yanzu da an ɗan taɓa ta, hanyar Kelle na san ta kamar tahin hannuna."

Mushe ya juya makullin a hannunsa. Ya miƙa wa Fannami, Fannami ya ce shi gareji ya ishe shi. Sai tsohon ya kamo hannun Aminatu ya sa mata a ciki, ya ce tun tana ƴar sha shida ya kamata ya yi haka. Daga nan ya karɓi igiyar ragon daga hannun dillali, ya juyo, kuma a karo na farko cikin shekara tara ya dubi surukinsa ido da ido.

"Burahima."

"Na'am, Baba."

"Riƙe wannan. Ita ka iya."

Haka suka bar Gure da la'asar, Aminatu a sitiyari, Mushe a gefenta, Burahima a kujerar baya rungume da rago. A gaban bencin Ɗan Talata ta rage gudu, ta danna oda sau uku. Burahima ya sunkuya don kada a gan shi, ragon ne ya fitar da kai ta taga.